Nafi'u da Zauren da Ya Tare Saƙon Jini

An yi wani bawan Allah a wani gari, ba a zamanin kakanni ba, a wannan zamanin namu na waya. Sunansa Nafi'u. Shi da abokan aikinsa, a wani ɗan ofis a saman shagon taya, su suka gina wa garin shafin neman jini. Asibiti ta sa saƙo, masu ba da jini su gani a wayoyinsu, su rugo. A cikin abokan aikin akwai Hashimu, wanda ake ta raɗe-raɗin ko shi ko Nafi'u za a ba shugabancin sashensu.

Ran nan da hantsi sai ga kiran wata nas. "Don Allah ku taimaka! Mace na kan gwiwa, jini ya ɓalle mata, shafinku kuwa da na shiga sai ya koro ni."

Nafi'u ya yi bismillah, ya buɗe wani baƙin allo a kwamfutarsa, inda ake rubuta wa manhaja tambaya ta amsa nan take. Ku saurara, Alhaji na can baya, abin ba wuya. Kafin saƙo ya kai cikin manhaja sai ya ratsa zaure bayan zaure, kowane zaure da mai gadinsa. Nafi'u ya rubuta: jero min su. Ta jero. Ya tura saƙon gwaji, ya bi sawunsa. Ya wuce nan, ya wuce can, sai ya tsaya cik. Ashe mai gadin da ke tambayar "wane ne kai?" an sa shi gaban wanda ke miƙa wa baƙo shaidarsa. Kowa ya iso hannu rabbana, a kore shi.

Wa ya sauya jerin? Ga sunan Hashimu nan ɓaro-ɓaro a kan allon.

Ga kuma manajarsu, Hajiya Safara'u, tsaye a bakin ƙofa tana jiran bayani. Jama'a, juya mata allon nan kawai zai yi ta ga sunan, ko bakinsa ba sai ya buɗe ba.

Bai juya ba. Ya ce, "Hashimu, zo da sauri mu duba tare." Ya ɗora yatsa a wurin. Hashimu ya gani, gumi ya keto masa. Nafi'u ya ce a hankali, "Kai ka fi ni sanin nan. Mayar da shi, mace na jira."

Hashimu ya mayar. Suka sake gwaji, saƙo ya ratsa zauruka ya shige. Nas ta sake kira har da guɗa: "Ya tafi! Ga wani ma ya amsa!"

Hajiya ta ce, "Me ya faru ne?"

Nafi'u ya ce, "Ranki ya daɗe, masu gadi biyu ne suka sha gaban juna. Hashimu ya gyara."

Ku lura, bai yi ƙarya ba, bai kuma tozarta ɗan'uwansa ba. Hashimu da ƙafarsa ya bi Hajiya ya ce, "Ni na ɓata tun farko." Ta ce ta ji, amma daga yau kada kowa ya taɓa jerin nan sai wani ya duba masa.

Matar nan mai naƙuda ta tashi lafiya, ta sami ɗa namiji. Mijinta mahauci ne. Ranar suna sai ga shi ya hau bene da tire cike da balangu, yana tambayar wa zai gode wa. Nafi'u ya nuna Hashimu, Hashimu ya nuna Nafi'u, mahauci ya yi dariya ya rungume su duka biyun, har maiƙo ya ɓata musu riguna.

To 'yan'uwa, kowannenmu yakan ci karo da kuskuren wani: na matarka, na maƙwabcinka, na wanda kuke takara da shi a kasuwa. Fara gyara ɓarnar kafin ka nemi mai laifi. Kada ka yi ƙarya don kare shi, kada kuma ka hau kan kunyarsa don ka yi tsawo. Ja shi gefe, nuna masa, ka bar shi ya gyara da hannunsa. Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu iya rufa na juna. Ku ce amin.