Idon Baƙuwa da Ragon Alƙali

An yi wani alƙali da ba ya karɓar shaidar kowa sai ɗan asalin gari. Ran nan Tasalla, wadda kakanta ya zo daga kudu, ta kawo ƙarar Alhaji Barau, shanunsa suna cinye mata wake.

Alƙali ya ce, "Wa ya gani?"

"Allah ya gafarta Malam, ni da maƙwabtana."

"Duk baƙi ne! Idon baƙo ba ya gani a shari'a. Kawo ɗan gari."

Tasalla ta san ba ɗan garin da ke taka unguwarsu. Ta tashi ta tafi. Kwana biyu sai ragon layyar alƙali ya ɓace. Ta dawo ana tsakiyar zama, ta durƙusa.

"Malam, na san inda ragonka yake."

Alƙali ya miƙe zumbur. "Ina?"

"Af, na manta! Da idon baƙuwa na gan shi."

"Ke, ido ai ido ne! Faɗi!"

"A gaban jama'a ka ce ido ido ne?"

"Na faɗa, na kuma!"

"To, alhamdu lillahi. Yana gonata, cikin shanun Alhaji Barau, tare suke cin waken. Ka ga waɗanda nake ƙara sun zama biyu. Da wa za mu fara, Malam?"

Jama'a suka tuntsire da dariya. Alƙali ya gyara rawani ya ce a kira Barau, a kuma kamo ragon.