Yadda Kurege Ya Tsufa a Kan Benci

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

To ku matso. Kai Barmo, bar tonon wutar nan, ka ara mini kunnenka.

Can cikin dawa, zamanin da dabbobi suka koyi buga ƙwallo, an yi wata ƙungiya da ake kira 'Yan Kurmi. Mai ƙungiyar kuwa Zaki ne. Shi ya sa aka share fili, shi ya sa aka kafa raga, shi ke ciyar da 'yan wasa. Sai dai a wurin Zaki ci ɗaya ne: ko ƙungiya ta ci wasa, ko shi ya ci koci. Ba ya korar kowa. Ya ce kora wulaƙanci ce.

Ƙungiyar nan tana da mataimakin koci, sunansa Kurege. Kurege bai san ƙwallo ba, ko kaɗan. Shi ne ya ba da shawara a sa Hawainiya a gaba, wai tana canja launi, abokan karawa ba za su gan ta ba. Ba su gan ta ba kuwa. Ita ma ba ta ga ƙwallo ba, har aka tashi wasa ba ta ƙetare tsakiyar fili ba. Shi ne kuma ya ce Bushiya ta riƙa sa kai. Ta sa kai sau ɗaya, ƙwallo ya yi fus, aka koma gida.

Amma Kurege ya iya magana biyu, ya riƙe su gam. In koci na da rai, sai ya ce, "Haka ne, Koci." In koci ya shige cikin Zaki, sai ya ce, "Ai sai da na gaya masa, ranka ya daɗe."

Aka ɗauko Gwanki ya zama koci. Gwanki ya ce kowa ya koma baya a tsare gida.

Kurege ya ce, "Haka ne, Koci."

Aka ci su. Zaki ya ci Gwanki.

Kurege ya ce, "Ai sai da na gaya masa, ranka ya daɗe."

Aka ɗauko Ɓauna. Ɓauna ya ce kowa ya tafi gaba, tsaron gida aikin matsorata ne.

"Haka ne, Koci."

Aka ci su. Zaki ya ci Ɓauna, har da ɗumame.

"Ai sai da na gaya masa, ranka ya daɗe."

Aka ɗauko Jimina daga wata ƙasa mai nisa, ana ta cewa ta yi karatun abin. Ita ma dai hanyar ɗaya ce, sai gashinta aka gani yana yawo a fili.

Duk wannan Kurege na nan. In Zaki ya gama da koci, yakan juyo ya dube shi, ya ga ɗan abu kamar tsinke, wutsiya ta fi jiki. Sai ya ce, "Wannan ko sakace bai isa ba." Ya wuce.

To, bayan Jimina, sai aka nemi koci aka rasa. Aka yi shela gabas da yamma, kowa ya ce yana da uzuri. Barewa ta ce ƙafarta ke ciwo. Jakin dawa ya ce surukarsa ba lafiya. Kujerar koci ta zauna a gindin tsamiya ba kowa, usur na rataye a jikinta.

Amma abincin koci bai daina zuwa ba, don ba wanda ya ce a daina. Kullum da hantsi sai a kawo ƙwaryar gyaɗa, da tukunyar zuma, a ajiye kusa da kujera. Kurege ya dubi gyaɗa, gyaɗa ta dube shi.

Ya ce, "Almubazzaranci ba kyau. Bari in ɗanɗana kada ta lalace."

Ya ɗanɗana yau, ya ɗanɗana gobe. Kumatu suka fito, ciki ya fito, wuya ya yi kauri. Ran nan ya ci ya ƙoshi, sai ya ji ƙasa ta yi masa tauri, ya hau kujera. Ya ga usur, ya ce bari ya gani ko zai yi masa kyau. Ya rataya. Iska ta kaɗa, barci ya kwashe shi.

Bai farka ba sai da ya ji numfashi mai zafi a fuskarsa. Ya buɗe ido, ga Zaki.

Zaki ya ce, "Madalla! Muna nema a nesa, ashe koci na gida."

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙura nake kakkaɓewa."

"Da usur a wuya?"

Kurege ya kama igiya zai cire, ta ƙi fita. Wuya ya cika ta. Zaki ya sa yatsa ya danna masa ciki, ya ji tuɓus. Ya lashe baki.

Ya ce, "Kai, Koci, ashe ka yi kyau haka? Ranar kasuwa mai zuwa muna da wasa da Birran Dutse. Allah ya ba da sa'a. In bai bayar ba ma, ba laifi."

Ya tafi yana kaɗa wutsiya.

Su kuwa Birran Dutse, tun da aka fara ƙwallo a dawa ba a taɓa cin su ba. Da ƙafa suke bugawa, in alƙalin wasa ya kau da kai su ƙara da hannu.

Kurege ya sauko daga kujera. Ya ce a ransa, wa ya fi kowa kwaɗayi a dajin nan? Sai ya nufi gidan Kura. Kura ce shugabar magoya baya, ba ta taɓa fashin zuwa kallo ba.

"Gwaggo Kura, barka da hutawa."

"Barka kadai, Koci."

"Ai maganar ke nan, Gwaggo. Na duba na ga bai kamata yaro kamata ya zauna a kujera ba, alhali ga manya. Gyaɗa kullum, zuma kullum. In kina so a mayar miki da shi nama, sai in yi magana."

Kura ta yi dariya har da faɗuwa. Ta ce, "Ɗan nan, kwaɗayi gare ni, ba hauka ba. Wa kake zaton ke kwashe ƙasusuwan masu wannan usur? Je ka ci gaba da cin gyaɗarka. Ka riƙa haɗawa da zuma, yana sa ɓargo."

Kurege ya fito daga gidan Kura. Ya kasa ci, ya kasa sha. Tsoro ya tsotse shi, har igiyar usur ta fara lilo a wuyansa. Da ya ga igiya ta saki, sai dabara ta faɗo masa.

Ranar atisaye ya tara 'yan wasa, ya tafi ya durƙusa gaban Zaki, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Wa zan sa a gola?"

Zaki ya ce, "Wannan ma abin tambaya ne? Giwa mana. Ta cika raga."

Kurege ya dafe kai. "Giwa! Kun ji? Shekaru muna tare da Giwa, ba kocin da ya taɓa ganin haka. To a gaba fa, ranka ya daɗe?"

Zaki ya gyara zama. "Damisa da Zomo."

"Damisa da Zomo! Wayyo Gwanki, da ka tambaya da yanzu kana nan. Ranka ya daɗe, a ina ka koyi wannan?"

Zaki ya shafa geza. Ya ce, "Ai in mutum na kallo daga sama, yana ganin abin da na ƙasa ba sa gani."

"Gaskiya ne. Saura abu ɗaya. Usur ɗin nan, in na busa ba sa ji na, ƙirjina ƙarami ne. Nuna mini yadda manya ke yi."

Ya zare igiya, ya miƙa da hannu biyu. Zaki ya karɓa, ya busa. Fiiiit! Nan take 'yan wasa suka zabura, kowa ya kama gudu. Ya sake busawa, suka tsaya cak. Ya busa, suka ruga. Ya busa, suka tsaya. Zaki ya dubi usur, ya ce, "Ashe abin da daɗi haka?"

Kurege ya miƙa hannu. "To kawo, ranka ya daɗe, in gwada."

Zaki ya ɓata rai. Ya ce, "Ka gwada me? Gola ni na zaɓa, 'yan gaba ni na zaɓa, busa ni na yi. Kai me ka yi? Daga yau ni ne koci. Koma mataimakinka."

Kurege ya faɗi yana birgima, yana cewa an yi masa ƙwace. Ya rufe fuska da wutsiya, kowa na zaton kuka yake. Dariya ce.

Sai dai murnarsa ba ta yi nisa ba. Ranar kasuwa ta zo, fili ya cika maƙil. Hankaka ne alƙalin wasa, don a filin Zaki mai fiffike kaɗai ke yarda ya yi alƙalanci. Aka take wasa.

Birrai suka taso da ƙwallo. Zaki ya yi ruri daga gefe, "Ku tare su!" Jin rurin nan, 'yan bayansa suka kwanta ƙasa, kowa ya rufe ido. Birrai suka wuce, suka zura ta tsakanin ƙafafun Giwa. Ɗaya.

Zomo ya sami ƙwallo, daga shi sai gola. Zaki ya yi ruri, "Buga!" Zomo ya waiwaya, ya ga Damisa na bin sa a guje don ya taimaka masa, ga kuma ruri. Ya bar ƙwallo ya shige rami. Bai fito ba har aka tashi.

Kafin a je hutun rabin lokaci an daina lissafi. Da Hankaka ya busa tashi, tun yana sama ya busa, bai sauko ba.

Fili ya yi tsit. Kowa ya san doka, kowa ya san koci. Ba mai kallon wani. Can sai Kura, da yunwa ta fi mata kunya ƙarfi, ta yi gyaran murya ta ce, "To... yau wa za a ci?"

Zaki ya duba dama, ya duba hagu. Idanu duk a kansa suke. Sai ya sunkuya ya kamo Kurege ta wutsiya, ya ɗaga shi sama, ya buɗe baki.

"Kai ne."

Kurege na lilo, kai a ƙasa, yana hango maƙogwaron da Gwanki ya bi, Ɓauna ya bi, Jimina ta bi. Ya ce a hankali, "Ni ne, ranka ya daɗe. Ban musa ba. Amma kawo kunnenka, kalma ɗaya, kada su ji."

Zaki ya rufe baki, ya kawo kunne.

"In ka ci ni yau, loma ɗaya ce, ko maƙoshi ba zan jiƙa maka ba. To wani mako fa? Muna da wasa da 'Yan Fadama. In aka sake cin mu, Gwaggo Kura ta sake tambaya, wa za a gani a kan benci? Kai kaɗai."

Kurege ya ci gaba.

"Ka ce za ka ɗauko sabon mataimaki. In ka ɗauko gwani, aka ci mu, za a ce ga gwani a gefe, ashe matsalar daga sama take. Ni kuwa, ranka ya daɗe, dajin nan kaf an shaide ni. Ni na sa Hawainiya a gaba. Duk abin da aka ɗora mini, zama yake yi daram. Irina ba a samu a kasuwa."

Zaki ya yi ta juya maganar. Ya dubi taro, ya dubi ɗan abin da ke hannunsa. Sai ya sauke shi a hankali, har da kakkaɓe masa ƙura. Ya juya ya yi ruri.

"Jama'a, tsarina ba shi da aibu! Mataimaki ne ya ɓata shi!"

Kai, ku ji ajiyar zuciya! Giwa ta saki numfashi har ganyen tsamiya ya zubo. Zomo ya leƙo da kunne ɗaya daga rami. Taro ya ɓarke da ihu, don an sami wanda za a zaga ba tare da an rasa rai ba.

"A kori Kurege! A kori Kurege!"

Kurege ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, ranka ya daɗe."

Zaki ya ce, "Zan duba maganar."

Wani mako 'Yan Fadama suka ci su.

"A kori Kurege!"

"Laifina ne, ranka ya daɗe."

"Zan duba maganar."

Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, Zaki na dubawa. Ba a sake cin koci a dawa ba, don koci ba ya cin kansa. Barewa ƙafarta ta warke. Surukar Jakin dawa ta sami sauƙi. 'Yan wasa suka saba da ruri, har sukan yi kunnen doki jefi-jefi. Ran da suka yi, sai a ce hikimar Zaki ce.

Wata shekara Dila ya zo neman aikin mataimaki. Shi kam ya san ƙwallo ciki da bai. Ya zana fili a ƙasa, ya nuna inda ake ɓaraka, ya nuna yadda za a toshe. Zaki ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Malam Dila, ilminka ya yi yawa. Mun gode, muna da mutum." Ya sa aka raka shi har bakin daji, aka share zanen da tsintsiya.

Haka Kurege ya tsufa a kan benci. Wutsiya ta yi furfura, haƙora suka zube. Waɗanda suka fara ihun a kore shi suka gaji, 'ya'yansu suka karɓa, jikoki suka gada. In ya yi mura, Zaki da kansa ke aika masa da magani, yana tambaya, "Zai dai tashi kafin ranar wasa ko?"

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Ƙarya ce na shirga muku, amma ku je filin unguwa ku duba benci.

Abin da za ku riƙe shi ne: in Allah ya ba ku aiki a gindin babba, kada ku yi garajen iyawa. Gwani baƙo ne, da ya sha ruwa ake nuna masa hanya. Wanda ake jingina wa laifi kuwa bango ne, mai gida ba ya rushe shi.