Minti Sha Biyar da Goɗiyar Sheriff

Mukhtari mutumin Damagaram ne, mai gyaran waya a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa ta Parkchester, a yankin Bronx. Yana da kirki, yana da kyauta, hannunsa kuma akwai albarka. Aibinsa ɗaya ne: bai yarda akwai abin da ke ɗaukar lokaci a duniya ba. A gilashin shagonsa ya rubuta cewa kowane gyara minti sha biyar ne, har sunan ya bi shi. Gyaran wayar ma ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. A bidiyo ya gani, ya kwance wayar matarsa Zalika, ya mayar, ta kawo wuta. Tun daga ranar ya ɗauka ilimin duniya duk yana aljihunsa. Bidiyon ma ba ya kallonsa yadda aka yi shi. Sai ya kashe murya, don Turancin bai cika shigarsa ba, ya riƙa tura shi gaba da yatsa har ya kai inda aiki ya yi kyau.

Ni Bakano ne, tasi nake ja. Kun san Bakano ba ya ganin Badamagare ya ƙyale shi ya sha ruwa lafiya. Duk ranar da kasuwa ta yi sanyi sai in ajiye mota in shiga shagonsa neman tsokana.

Da zafin bana ya shigo, Mukhtari ya kamu da sabon ciwo, wato kallon bidiyon kaboyi masu horar da dawaki. Akwai guda da ya fi so. Wani Bature mai malafa zai shiga wani fili da aka zagaye da shinge, a sako masa doki mai gardama. Sai ya ɗauki sanda da aka ɗaura wa leda a kai, ya kaɗa, doki ya yi ta zagaye. Can sai ka ga doki ya tsaya, ya sunkuyar da kai, yana bin Baturen kamar ɗan akuya. Ya ɗora masa sirdin nan mai ƙaho a gaba, ya hau, ya saki linzami sakwa-sakwa, yana juya shi da ɗan taɓa wuya kawai. Duka minti sha biyu.

"Ka gani, Bakano? Ko sha biyar ɗina bai kai ba!"

Ya ɗaura igiya a jikin kujerar shago yana gwaji. Ni kuwa na je na sayo masa malafa a bakin titi, na raɗa masa suna Kaboyin Damagaram. Ba don Allah na saya ba, don dariya na saya. Shi kuma ya ɗauka yabo ne, har masallacin Juma'a sai da Zalika ta ƙwace malafar a bakin ƙofa.

Muna da wani aboki, Sheriff, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya girme mu duka. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a wata bargar dawaki can gefen Bronx, inda ake koya wa yara hawa. Shi ke kwashe kashi, shi ke wa dawaki wanka, shi ke ba da ciyawa. A watan Maris aka kawo musu wata goɗiya ja mai farin goshi, wadda mai ita na baya ya yi ta dukanta har ya bar mata tabo a fuska. Ko hannu ka ɗaga sai ta manne da bango tana rawar jiki. Mai bargar, wata tsohuwa da suke kira Madam, ta ce ba za ta iya ciyar da dabbar da yaro ba zai hau ba. Sheriff ya roƙe ta, ta ba shi zuwa ƙarshen Oktoba. In goɗiyar ta yarda aka hau ta lafiya, ta zauna. In ba ta yarda ba, a kai ta gwanjo, inda dokin da ba a saya don hawa ba, nauyin namansa ake dubawa.

Sheriff ya sa mata suna Anti. Watan farko bai ko taɓa ta ba. Bokiti yake kifawa a bakin ɗakinta, ya zauna ya ci abincinsa, ya ja carbinsa, ya tashi. Wata na biyu ta karɓi karas a hannunsa. Da kaɗan da kaɗan ta yarda da ragama, ta yarda da bargo a baya, daga ƙarshe ta yarda da sirdi. Ranar Litinin ta ƙarshen Oktoba ce za a gwada ta a gaban Madam. Murna ta sa ya gayyace mu ranar Lahadi mu zo mu ga Antinsa.

Muka isa da hantsi, Mukhtari da malafarsa. Anti tana tsaye cikin zagayayyen shinge, irin na bidiyon sak. Sheriff ya yi mata ɗan fito, ta tako ta ɗora haɓa a kafaɗarsa.

"Wata nawa ka ce, Malam Sheriff?" in ji Mukhtari.

"Bakwai."

"Bakwai! Haba. Wannan aikin minti sha biyu ne. Sanda da leda, fini, an gama."

"Ei, Mukhtari," Sheriff ya ce yana murmushi. "Anti ba waya ba ne. Ba a buɗe bayansa a canza batir."

Ana cikin haka motar ciyawa ta iso can bayan barga, aka ƙwala masa kira. Ya rufe ƙofar shingen, ya dube mu.

"Ku tsaya nan waje. Ku kalla da ido kawai. Kada kowa ya ɗaga hannu sama da kai. Yanzu zan dawo."

Yana ba da baya, shaiɗanin bakina ya motsa. Na ce, "Kaboyi, ashe duk bidiyon nan data kawai ka ƙona? Ga doki, ga fili, ka tsaya kamar fasinja. Dama na san Badamagare sai cika baki."

Wallahi wasa nake. Na ɗauka zai rama da baƙar magana, mu yi dariya, shi ke nan. Sai na ga ya zaro ledar da muka zo da ayaba a ciki, ya ɗaura a bakin wata sandar tsintsiya da ke jingine.

"Bon, to. Riƙe wayata ka ɗauki bidiyo. Taimakonsa zan yi, gobe ya gode mini."

"Kai Mukhtari, wasa fa nake!"

Ya riga ya buɗe ƙofa. Ya shiga tsakiya, ya gyara malafa, ya ɗaga sandar sama, leda ta yi ƙara.

Ban taɓa ganin tsoro a idon dabba irin na ranar ba. Anti ta zabura, ta kama gudu a jikin shinge. Mukhtari ya ga abin da ya saba gani a waya, doki yana zagaye, sai ya ƙara kaɗawa.

"Ka gani? Haka ake farawa! Yanzu za ta sunkuyar da kai!"

Ba ta sunkuyar ba. Gumi ya wanke ta, kumfa ta fito mata a baki, tana wata irin haniniya kamar kukan mutum. Na yi ta ihu ya ajiye sandar. Ihun nawa ya ƙara firgita ta. Na yi shiru, shirun bai gyara komai ba. Na kama ƙofa zan shiga, ta wuce ta gabana kamar jirgi, ƙasa ta cika mini ido, na ja baya. Ni da na jawo abin da baki, ga ni tsaye da wayar mutum a hannu, ba abin da zan iya. Shi kansa Mukhtari a lokacin tsoro ya kama shi. Duk inda ta nufo sai ya kare kansa da sandar, ita kuma ta ɗauka duka ne ya dawo.

A zagaye na ban san nawa ba, ta yi tsalle za ta haura shingen. Ba ta kai ba. Katako ya karye, tsininsa ya yage mata ƙirji. Ta fita da jini, ta ratsa gefen filin da yara uku ke kan dawakansu suna koyo. Allah ya tsare ba wanda ya faɗo, amma iyaye sun yi kururuwa, Madam kuma tana tsaye a wurin, a kan idonta aka yi komai.

Sheriff ya sheƙo da ciyawa a gashinsa. Bai zage mu ba, ko kallonmu bai yi ba. Ya same ta a lungun katanga, ya yi mata fiton nan nasa. Ta juya masa baya, ta kai harbi.

Likitan dabbobi ya yi mata ɗinki. Litinin ta zo, ko bargo ba ta bari an kusanto da shi ba, balle sirdi. Muka je ni da Mukhtari muka tsaya gaban Madam, muka ce laifinmu ne, ba na Sheriff ba, ba na goɗiyar ba. Mukhtari da guntun Turancinsa ya roƙi a ƙara wata ɗaya. Ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta ce ta yarda laifinmu ne, amma iyayen yara sun ga abin da suka gani, ba uwar da za ta ɗora ɗanta a kan dabbar nan. Motar gwanjo za ta zo ranar Alhamis.

Ranar Talata na bi ta gidan Mukhtari. Na same shi zaune da wayar, yana ta maimaita bidiyon, yana neman inda ya kuskure. Zalika, wadda ke aikin kula da tsofaffi kuma ta fi mu jin Turanci, ta karɓi wayar ta mayar farko, ta buɗe murya.

"Baban Aminatou, kai ba ka taɓa jin abin da mutumin nan yake faɗa ba? Cewa ya yi kwana sittin ya yi yana wannan aikin, aka yanke aka haɗa. Ya kuma ce kada a gwada ledar nan a kan dokin da aka taɓa duka." Ta tsayar da hoton, ta tura, ta sake tsayarwa. "Ko murya ba ka ji, ai kana da ido. Dubi rigarsa. Nan ja ce. Nan shuɗiya. Nan mai gida-gida."

Muka ƙirga tare. Riguna tara. Itatuwan bayansa ma da ganye kore suka fara, suka ƙare da rawaya. Mukhtari ya kalli bidiyon nan ya fi sau ɗari, bai taɓa ganin riga ko ɗaya ba.

Ranar Alhamis da safe muka koma, ko da ba wanda ya kira mu. Mutum uku suka yi ta fama da Anti ta ƙi shiga mota. Direba ya ɗauko bulala. Sai Sheriff ya ce a ba shi wuri. Ya kifa bokitinsa a kusa da ita, ya zauna, ya fito da carbi. Kusan awa guda ba wanda ya yi motsi. A hankali ta tako, ɗinkin ƙirjinta yana rawa, ta shinshina kafaɗarsa. Ya miƙe ya kama ragama. Ta bi shi, taku ɗaya bayan ɗaya, har cikin motar, don shi kaɗai ta yarda ba zai kai ta inda za a cuce ta ba. Ya fito, aka rufe.

Mukhtari ya matsa kusa. "Malam Sheriff, don Allah, me zan yi in gyara?"

Sheriff ya ɗauki bokitinsa. "Wannan ba ya cikin abin da ake gyarawa, Mukhtari. Ku tafi, ina da kashi da zan kwashe."

Darasin da ke cikin wannan labari, ɗan'uwa mai karatu, shi ne: abin da aka nuna maka cikin minti sha biyu, tambayi kwana nawa aka yanke kafin ya iso idonka. Kallo ba iyawa ba ne, kuma abu mai rai ba ya karɓar gaggawa. Yardar da wani ya gina a wata bakwai, mai ɗoki zai rushe ta kafin a sauke ciyawa daga mota, kuma sau da yawa ba shi ke biyan hasarar ba, marar laifi ne ke shiga motar. In ka ga mai aiki yana tafiya a hankali, kada ka ce bai iya ba, ka tsaya a bayan shinge kamar yadda ya ce. Ku kuma masu bakin tsokana irina, ku san wanda kuke zugawa. Hannun Mukhtari ne ya ɗaga sandar, amma ni na san bakin da ya buɗe masa ƙofa.