Sarkin da Ya Hana Ƙwallo

An ce wani sarki ya yi zamani a ƙasar Ingila, mai son farauta da dara da kiɗa, amma in ya ga talaka na wasa sai ransa ya ɓaci. Labari ya iske shi cewa wasu ƙauyuka biyu kan haɗu sau ɗaya a shekara, su hura mafitsarar bijimi ta zama ƙwallo, maza su yini suna turereniya a kanta cikin taɓo. Sarki ya ce shiririta ce. Ya hana, ya umarci kowa ya koyi harbin baka ranar hutu, wanda ya saɓa kuwa a yanke masa hannu.

Shekara biyu da haka aka gurfanar da wani tsoho mai kiwon zuma, Osbat, an kama shi ya jefa wa jama'a ƙwallo. Sarki ya yi masa ba'a, ya tambaye shi ko furfura ba ta hana mutum wauta.

Tsoho ya ce, "Ya sarki, wanne ya fi sauƙi, ɗori ko haƙa kabari?"

Sarki ya ce ɗori mana, sai kuma ya nemi bayani. Tsoho ya ce akwai makiyaya guda a tsakanin ƙauyukan, ba ta isar garke biyu. Tun kaka da kakanni, ƙauyen da ya kai ƙwallo ƙofar ɗayan, shi ke da ciyawar shekarar. Akan karya ƙafa, akan fasa hanci, da yamma a ci gurasa tare.

"Da ka hana, ya sarki, makiyayar ba ta ƙaru ba. Bara da kibiyoyin da ka koya mana muka raba ta. Mun binne mutum bakwai, har da ɗana. Ga hannun, a yanke, amma a bar su su ƙarasa wasan bana."

Kunya ta rufe sarki har ya kasa ɗaga kai. Shi da ke alfahari da sanin sunan kowane karen farautarsa, bai taɓa tambayar dalilin wasan mutanensa ba. Ya sauko da kansa ya kwance tsoho, ya janye dokar, ya roƙi gafararsa. Tsoho ya ce nasa ya yafe, na sauran gidaje shidan sai sarki ya je da ƙafarsa.

Washegari sarki ya tafi gidajen, ba doki ba tambari. Ya ce wa wazirinsa, "Adalci da tambaya yake farawa. Wanda ya yanke hukunci bai tambaya ba, shi ya kamata a fara gurfanarwa."