Allon da Anti Tafi Ta Cire Daga Ƙofa

Akwai wata baiwar Allah da ke aiki a cibiyar horar da yara masu lalurar otizim, irin yaran da magana da mu'amala ke yi wa wuya. Yaran ne suka sa mata suna Anti Tafi, don ko cokali yaro ya riƙe daidai sai ta tafa masa.

Aikin nan, jama'a, hawa-hawa ne. Mai takardar matakin farko shi ke zama da yaro yana bin tsarin da aka ba shi. Sama da shi akwai mataimaki. Babban ƙwararre ne kaɗai ke bincikar dalilin halin yaro, ya tsara abin da za a yi. Anti Tafi tana matakin farko, kuma ba ta jin kunyar faɗa.

Ana nan sai babbar ƙwararriyarsu ta bar aiki. Mai cibiyar, wanda bakinsa ya fi kansa aiki, bai nemi wata ba. Washegari Anti Tafi ta tarar an kafa allo a ƙofarta: Babbar Ƙwararriya.

"Oga, wannan fa?"

"Ƙarin girma ne. Wasu in sun samu, rawa za su yi."

"Takardata ba ta kai nan ba."

"Wa zai tambaye ki takarda?"

Ba su gama ba wata uwa ta shigo da ɗanta, goshinsa duk tabo. Ta ce kwanan nan ya fara buga kansa a bango, ta rasa yadda za ta yi. Oga ya nuna Anti Tafi, ya ce ga babbarsu nan. Sannan ya raɗa wa Anti Tafi: "Ki ce ta riƙa share shi in ya fara, kamar yaron bara da ke ihu."

Ranta ya ɓaci sosai. Yaron bara sai da aka bincika aka gano kulawa yake nema da ihunsa. Wannan kuwa wa ya san abin da ke damunsa? Ta san in ta buɗe baki aikinta ya tafi, ga mahaifiyarta a gida da ita ta dogara. Ta dubi goshin yaron, ta miƙe ta fizge allon nan, ta dire shi a kan tebur.

"Mama, ni ba babbar ƙwararriya ba ce. Tsari nake bi, ba ni nake tsarawa ba. Ɗanki ya fi ƙarfin matakina, ki kai shi wurin mai takardar."

"Kin san kin kori kanki?" in ji Oga.

"Na sani. Ka rataya allon a wuyanka, ya fi dacewa da kai."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta waiwaya ba. Ta sha zaman gida, har ƙannenta na tsokanarta wai gaskiya ta cinye mata albashi.

Wata rana sai ga kiran uwar nan. Ashe ƙwararren da ta samu, da ya lura yaron na yawan dafe kunne, wurin likita ya fara tura su. Kunnen ne ya ruɓe da ciwo, yaro ba bakin faɗa, shi ya sa yake buga kai.

"Da kin ce in share shi, wallahi da na share shi," uwar ta faɗa tana kuka. "Yanzu ƙwararren ya tsara masa horo, ya ce in zaɓi mai zama da shi. Na ce ba na son kowa sai wadda ta cire allo."

A ƙarƙashin ƙwararren nan Anti Tafi take aiki yanzu, tana karatun mataki na gaba. Ranar da yaron ya fara nuna kunnensa da yatsa maimakon ya nufi bango, ta tafa har tafin hannunta ya yi ja.

Darasi: Kada ka karɓi matsayin da iliminka bai kai ba, ko da za a kore ka a kan haka. Cewa "wannan ya fi ƙarfina" na iya ceton ɗan wani. Ku tura wa iyaye da duk mai aiki da yara.