Sarki Na-Kowa da Gonar Tabawa

An ce an yi wani sarki a wata ƙasa da talakawa ke da baki wajen zaɓen mai mulkinsu. Da tsohon sarki ya rasu, sai suka tsallake babban ɗansa, mai ilmi da kaifin hukunci amma marar fara'a, suka ɗauki ƙanin, don shi na kowa ne. Yakan zauna a dandali a buga dara da shi, ya sa hannu a akushin kowa. Ba abin da ke faranta masa rai kamar ya ji an ce, "Sarkinmu kamar mu yake."

Ana nan sai wata mata, Tabawa, wadda miji ya rasu ya bar ta da marayu uku, ta kawo ƙarar wani Jatau, ya ture iyaka ya cinye mata rabin gona. Shaidu suka tabbatar. To, Jatau abokin darar sarki ne tun ƙuruciya. Suna haɗa ido sai nauyinsa ya kama sarki. Ya yi 'yan kame-kame, ya ce a yi haƙuri a bar maganar, ai duk ɗaya ne. Fadawa suka ɗauka, "Sarki ya yi sulhu!" Wai sulhu, da gonar marayu!

Abin ya tsaya wa sarki a rai har makonni suka shuɗe. Ya tafi wurin wani tsohon magini, Tunau, wanda ya fara ambaton sunansa ranar zaɓe, ko ya ji magana mai sanyi. Ya iske shi yana ɗora tubali.

Ya ce, "Baba, me ya sa kuka zaɓe ni?"

Tunau ya ce, "Ya sarki, don ka yi kama da mu."

Sarki ya yi murmushi. Tsoho ya ce, "Ni ma a ba ni amsa. In ina shakkar katangar nan ta karkace, da me zan gwada ta?"

"Da igiya, a ja ta ta miƙe."

"In na gwada ta da waccan fa?" Ya nuna wata katanga da ta sunkuya.

Sarki ya ce, "Sai ka ga kamar daidai suke, alhali duk biyun faɗuwa za su yi."

Tunau ya ajiye tubali, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, da ni na zauna shari'ar Tabawa, abin da ka yi shi zan yi, don na ci tuwon Jatau. Kowa a garin nan haka zai yi. Mun nemi igiya, muka ɗauko katanga irin tamu. Kuma kunyar ba taka ce kai kaɗai ba. Jiya na hango matar nan tafe, wallahi sai da na sake hanya."

Kunya ta rufe sarki, ya juya ya koma fada. Washegari ya sake zaman shari'a, ya dubi Jatau ido da ido, ya mayar da iyaka inda take.

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Sai dai damina ta yi nisa, shuka ta wuce."

Sarki ya kasa ɗaga kai. Ya ce a ciyar da ita daga rumbunsa har kakar baɗi. Sannan ya ce wa fadawa, murya ƙasa-ƙasa, "Mai mulki in bai fi mutanensa ƙarfin zuciya a gaban aboki ba, marayu ne ke kwana da yunwa."