Jan Fenti a Ƙeyar Giyabos

An yi wani mutum a nan kasuwar Timargara, a layin makanikai da ke gangaren kogi. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya mata a gidajen mutane. Ustad kowa ke ce masa, kamar yadda muke ce wa duk wanda ya iya sana'arsa har ya koyar da wasu. Kuma ya iya ɗin. Idan tsohuwar akori-kura ta shigo layin tana kuka, kafin direba ya kashe ta ya riga ya san inda ciwon yake. Allah ya ba shi kunne, ya ba shi hannu. Tsoron Allah ne bai nema ba.

Kun san motocinmu, ya 'yan uwa. Da wuya ka ga wadda ba ta girmi direbanta ba. Injin daga wata mota, ƙafafu daga wata, giyabos kuwa daga wadda ta mutu a wata ƙasa aka yanka ta, aka kawo mana gunduwa-gunduwa ta Peshawar. Kuma giyabos ɗin nan duk kamarsu ɗaya a ido. Tsawo ɗaya, ramukan noti ɗaya, kowanne ka ɗaura zai zauna daram. A ciki bambancin yake, kuma ba a ganinsa sai an loda buhunan gari an fara sauka daga kan dutsen Lowari. A can birki kaɗai ba ya kai mutum gida. Zafi yake yi ya saki. Giya lamba biyu ce ke riƙe mota, ita ke riƙe rai.

Shi ya sa magabatanmu a wannan sana'a suka kafa wata al'ada. Dillalin da ya fara karɓar giyabos zai ɗaura shi a mota, ya gwada shi da kaya a gangara, sannan ya ɗiga masa fenti a ƙeya. Ja na dutse ne, yana riƙe lamba biyu komai nauyi. Fari na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne, ya yi ta kai kayan miya Mardan. Baƙi kuwa mai tofar da giya ne, wato sandar ta fita da kanta ana cikin tafiya, sai dai a fasa shi a ɗebi abin da ya yi saura. Babu takarda, babu rantsuwa. Direban da bai iya karatu ba ya iya ganin ja.

To, mutumin nan sai ya sayi gwangwanin jan fenti.

Yakan sayo farare da baƙaƙe da araha. Ya goge alamarsu da fetur har ƙarfe ya fito fes. Ya buɗe, ya gyara bakin haƙoran da zarto don su yi kyan gani, ya sa sifirin mai tauri yadda sandar giya za ta shiga da ƙarfi kamar sabuwa. Sannan ya ɗiga ja. Idan direba ya zagaya gari da motar, ba ya jin komai sai daɗi. Ranar da za ta tofar da lamba biyu kuwa direban yana can nesa, kuma wa zai zargi ja? Sai a ce dusar ƙanƙara ce, ko ganganci, ko kwana ya ƙare.

Ba duk kayansa ne na banza ba. Yana da jajaye na gaskiya, waɗanda yake ajiye wa manyan da yake jin tsoro. Su yakan jera a jikin bangon dama, ƙarƙashin taga. Sauran ɗakin kuwa nasa fentin ne. Babu wanda ya san wannan, ko matarsa. A ransa yana cewa, “Mutane ne ba su sani ba. Ni ai na sani.”

A wata damina kogin Panjkora ya cika ya haura. Ranar mutumin nan yana Peshawar sayen kaya. Maƙwabtansa na layi suka ga ruwa ya doshi shagonsa, suka fasa kwaɗon, suka yi ta jidar ƙarfe a kafaɗa suna haurawa da shi kan rufi, ruwa har gwiwa. Da ya dawo, Sabz Ali mai walda ya tare shi yana dariya, duk jikinsa laka.

“Ustad, ka biya mu da gasasshen naman kebab! Ko ɗaya ba mu bar wa ruwa ba. Bayana ya kusa karyewa.”

Ya hau rufin. Ga su nan tsibi guda, wani kan wani, duk jajaye.

“Na jikin bango fa?” in ji shi. “Na ƙarƙashin taga, ina kuka sa su?”

“Wane bango kuma? Ba duk ja ba ne?”

Ya sake duban tsibin. Can ya ce, “Haka ne. Allah ya saka da alheri.” Ya sayi kebab ɗin, ya kasa cin ko loma.

Kuna tsammanin ya tuba? Ina! Kwana biyu abin ya dame shi, sai ya ce a ransa ai babu asara, yanzu ma ya huta da zaɓe. Duk wanda ya zo ya ɗauki na sama ya ba shi.

Yana da ɗa namiji guda ɗaya, Baryal, magidanci mai mata da goyo. Direba ne, yana jan wata tsohuwar akori-kura tsakanin nan da Chitral, can bayan Lowari. Babu abin da yake taƙama da shi a tasha kamar ubansa. Da sanyi ya fara shigowa, an ce dusar ƙanƙara ta kusa rufe Lowari, aka ba shi lodin gari na ƙarshe zuwa ƙauyukan can, wanda da shi mutane za su ci har bazara. Sai giyabos ɗinsa ya fashe a bakin gari. Aka jawo motar har ƙofar shago.

“Baba, jibi zan tashi. Ɗauko min ɗaya daga cikin naka kawai.”

Mutumin nan ya shiga ɗaki ya tsaya. Ya duba dama, ya duba hagu. Ya jawo wani mai tabo a gefe, ya ce wannan na tuna shi, na bango ne. Sai kuma ya ga wani mai irin tabon. To wanne ne? Ko tabon ma na baƙin nan ne da ya sayo a hannun mutanen Batkela? Ya juya wannan da hannu, ya shiga lamba biyu ƙwas. Ya juya wancan, shi ma ƙwas. Ai shi ya sa musu sifirin ɗin. Ya buɗe murfin ɗaya, haƙora sumul. Ya buɗe na biyu, sumul. Ya kasa gane wanne ne sumul ɗin masana'anta, wanne ne na zartonsa. Ya yi aikin da zai ruɗi kowane makaniki a layin, ya manta shi ma makaniki ne a layin.

Ya kankare fentin wani da wuƙa ko zai ga ragowar tsohuwar alama. Babu komai sai farin ƙarfe. Shi ba ya aikin rabi da rabi.

Washegari ya lallaɓa ta bayan layi zuwa wurin Haji Sherzada, tsohon dillali, wanda duk kasuwa ta shaida bai taɓa ɗiga fentin ƙarya ba. Haji ya zuba masa koren shayi, ya dube shi ta saman tabarau.

“Yau kuma mai ɗaki cike da ja ne ya zo neman ja? Ko ruwa ya cinye naka?”

“A'a, Haji. Na yaron nan ne. Na ce ko kana da wanda ka gwada da hannunka.”

“Nawa sun ƙare, sai bayan sanyi. Akwai dai guda biyu can, kuma ka kwantar da hankalinka, ban ma wahalar da kaina gwada su ba. Daga motocin da aka yanka na cire su, masu motocin kuma sun ce a wurinka suka saya.”

Mutumin nan ya ajiye kofin. Ya bi shago uku bayan nan, ko'ina labarin ɗaya ne. Jansa ya zagaye kasuwa ya dawo ya same shi.

Ya 'yan uwa, a nan ƙofa take a buɗe. Me ya rage masa? Ya kira ɗansa gefe ya ce, “Baryal, ubanka maha'inci ne, kada ka hau dutse da kayana.” Ko ya ɗaura giyabos ɗin, ya loda kaya, ya je gangara ya gwada yadda magabata suke yi. Amma idan layin makanikai suka ga Ustad yana gwada ja, me za su ce? Ja ai an riga an gwada shi. Yau ya gwada, gobe duk direban da ya taɓa saye a hannunsa zai zo ƙofar shago, har da 'yan uwan waɗanda ba su dawo ba. Ya auna mutuncinsa, ya auna ɗansa, ya ce a ransa wataƙila ma mai kyan ne zai faɗo a hannunsa.

Ya ɗaura mai tabon. Ya gama ɗaure noti, zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya kwance ya ɗaura ɗayan. Bayan azahar ya sake kwancewa ya mayar da na farko. Sabz Ali ya leƙo ƙarƙashin motar.

“Ustad, giyabos kake ɗaurawa ko amarya kake zaɓa wa yaron?”

Da la'asar ta yi, shi kansa ba zai iya rantsewa ba wanne ne a jikin motar, wanne ne a ƙasa.

Da safe Baryal ya zo da lodinsa, tare da abokin tafiyarsa Wazir Gul. Uban ya yanko robar tayar ciki ya miƙa masa. Direbobin da giyabos ɗinsu ke tofarwa haka suke yi, su ɗaure sandar giya da roba a jikin kujera idan za su sauka gangara.

“Riƙe wannan. In ka fara sauka, ka ɗaure lamba biyu.”

Baryal ya kwashe da dariya. “Haba Baba! Ni ɗan Ustad, a gan ni da roba a tashar Dir? Ai sai su ce aikin ubana ba ya riƙewa.”

“Ka dai riƙe.”

“Ba ja ba ne?”

Uban ya buɗe baki. Mutane na tsaye, Sabz Ali na tsaye. Ya ce, “Ja ne.”

Baryal ya jefa robar kan bencin shago, ya sumbaci hannun ubansa, ya tayar da mota.

Sun haye Lowari lafiya. A saukar ne, inda hanya take nannaɗewa kwana bayan kwana, abin ya faru. Wazir Gul ya yi tsalle ya fita, ya tsira da karaya a cinya. Baryal bai fita ba. Da aka kawo gawa, mutumin nan ya je wurin Wazir Gul a gadonsa na jinya. Har lokacin yana fatan a ce masa ƙanƙara ce, ko taya ce ta fashe.

Wazir Gul ya ce, “Ustad, sandar ce ta yi tsalle ta koma firi. Ya mayar, ta sake fita. Na ce masa, Yaya, giyar nan tana tofarwa. Ya ce min, rufe bakinka, hannuna ne ya goge ta, wannan aikin Babana ne.”

Tun daga ranar mutumin nan bai sake riƙe sifana ba. Bai haukace yadda mahaukata ke yi ba. Yana salla, yana gane mutane. Amma ba ya iya zaɓen komai. A ajiye masa gurasa biyu, sai ya yi ta duban su har su huce. A ƙofar masallaci sai ya tsaya kan takalma yana tambayar wanne ne nasa. Da bakinsa ya faɗi abin da ya yi, a ranar da faɗin ba ya dawo da kowa. Direbobi suka zo, wasu da zagi, wasu da kuka. Matar Baryal ta ɗauki goyonta ta koma gidan iyayenta. Aka rufe shagon, aka auna ƙarfen a sikeli aka kai wa masu narkarwa, har da jajayen gaskiya da ke ciki, don babu mai iya fitar da su. Ni da idona na gan shi a ƙarshen rayuwarsa, yana bin shagunan layi da 'yar wuƙa, yana roƙon a bar shi ya kankare ƙeyar giyabos ya ga abin da ke ƙasa.

Ya 'yan uwa, ku dubi inda Shaiɗan ya shigo masa. Bai ce masa ka kashe mutane ba. Cewa ya yi, ka ruɗi wasu, kai ai ka san gaskiya, tana nan jikin bango. Kowane mai algus haka yake gaya wa kansa. Mai haɗa gari da ƙasa yana da buhun gidansa. Mai tauye mudu yana da mudun da yake aunar nasa. Wa ya ba ka tabbacin bangon nan zai tsaya? Ba ɓarawo ne ya hargitsa wa mutumin nan kaya ba, maƙwabta ne masu son sa, suna yi masa alheri. Kuma 'ya'yan wa ke cikin motocin da suka riga ta Baryal faɗawa? Su ba su da iyaye ne?

Alamar da mutane suka yarda da ita amana ce, ko da ɗigon fenti ce. Wanda ya ɓata ta ya ɓata wa kowa, kuma shi ma cikin kowa yake. Wanda yake da gwangwani irin wannan a shagonsa, ko a ofishinsa, ko a bakinsa, ya je ya zubar da shi yau, tun ɗansa bai tsaya gabansa ya tambaye shi ba.

Allah ya nuna mana gaskiya ya bar ta a hannunmu. Kada ya sa abin da muka ƙulla wa 'ya'yan wasu ya zama guzurin namu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye duk wanda ke kan dutse a yau. Amin.